Tarihin Rungumar Maraya

A shekarar 1915 wani likitan yara na birnin New York, Henry Dwight Chapin, ya gabatar wa 'yan'uwansa likitoci lissafin da ya tattaro daga gidajen renon jarirai marasa galihu a birane goma na Amurka. A gidan da abin ya zo da sauƙi, kusan jariri ɗaya cikin uku ne ke mutuwa kafin ya cika shekara biyu. A inda ya fi muni, uku cikin huɗu. Kuma gidajen nan ba kangaye ba ne. Akwai madara, akwai gado, akwai likita mai zagayawa. Yaro dai zai fara rage kuka, ya ƙi abinci, ya rame, sannan ƙyanda ko gudawa ta zo ta ƙarasa shi.

Chapin bai tsaya a ƙirga gawa ba. Tun 1902 ya kafa wata ƙungiya mai suna Speedwell, wadda ke ɗauke jarirai daga irin waɗannan gidaje ta damƙa su ga iyalai, ma'aikaciyar jinya tana leƙa su. Amma zamanin ba nasa ba ne. Zamanin tsoron ƙwayoyin cuta ne. Ni da na ƙarar da ƙarfina a ɗakin jarirai na asibiti ba zan yi wa likitocin wancan lokaci dariya ba, don ba su da maganin kashe ƙwayar cuta, fenisilin bai shigo hannu ba sai a shekarun 1940, kuma sun ga yadda tari ɗaya ke share ɗaki guda. Dabarar da ta rage musu ita ce a nisanta kowa da kowa. Aka sa labule ko gilashi tsakanin gadaje, aka taƙaita wa iyaye ziyara, aka koya wa ma'aikata su taɓa jariri iya gwargwadon larura. A 1928 kuma masanin halayyar ɗan Adam John B. Watson ya fitar da littafin reno da ya yi kasuwa ƙwarai, inda ya gargaɗi iyaye mata kan runguma da sumbatar 'ya'yansu da ɗora su a cinya, ya ce da safe a yi musabaha da yaro ya wadatar. Wai yawan jan yaro a jiki na sangarta shi. Da kakata ta ji wannan, da ta ce a nemo wa bawan Allah rubutu ya sha.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara karya wannan doka a fili shi ne Harry Bakwin na asibitin Bellevue, shi ma a New York. Ya lura cewa jariran da aka killace don kare su daga cuta su ne suke ƙin ƙiba, da zarar an mayar da su gida kuma sai su murmure. Ya buga bayaninsa a 1942, ya kira ciwon da sunansa, wato kaɗaici. A ɗakinsa ya sa aka rataye sanarwa cewa duk wanda ya shigo ya ɗauki jariri kafin ya fita, ya kuma buɗe wa iyaye ƙofa. Cututtukan da ake tsoro ba su ƙaru ba, mace-macen ma raguwa suka yi.

Bayan shekara uku René Spitz ya kawo hujjar da ta fi ɗaga hankali. Ya kwatanta gidaje biyu. Ɗaya ɗakin reno ne a gidan kaso na mata, inda 'yan mata masu laifi ke shayar da 'ya'yansu da kansu. Ɗayan gidan tsintattu ne mai tsabta, mai isasshen abinci, amma ma'aikaciya ɗaya ce ke kula da jarirai takwas. 'Ya'yan fursunoni suka tashi lafiya lau. A gidan tsabta kuwa, cikin yara 91 da ya bi diddiginsu, 34 sun rasu cikin shekara biyu, waɗanda suka rayu da yawansu ba tafiya ba magana. A 1951 John Bowlby ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan illar raba yaro da mai renonsa, a 1958 kuma Harry Harlow na Jami'ar Wisconsin ya nuna cewa ɗan biri yakan je wajen uwar waya mai kwalbar madara ya sha ya ƙoshi, sannan ya koma ya maƙale wa uwar tsumma wuni guda, kuma ita yake rugawa idan ya tsorata. Gwajin akwai rashin imani a ciki, birran da yawa sun lalace har abada. Amma gardamar ta mutu daga nan, a Turai ta yamma da Amurka aka shiga rufe manyan gidajen jarirai.

A daidai lokacin da ake rufe su a can, wata ƙasa ta shiga gina su.

Nicolae Ceausescu ya hau mulkin Romaniya a 1965, yana ganin yawan jama'a shi ne ƙarfin ƙasa. A watan Oktoba na 1966 ya kafa doka mai lamba 770, wadda ta haramta zubar da ciki in ba a wasu 'yan yanayi ba, magungunan ba da tazara suka ɓace daga kasuwa, aka ɗora haraji kan wanda ya girma bai haihu ba. A shekara ɗaya haihuwa ta kusa ninkawa. Ba yawan haihuwar ne ya jawo bala'in ba, kada mai karatu ya ɗauke ni da wata manufa. Mu nan muna haihuwa fiye da su. Abin da ya jawo shi abu biyu ne. Na farko, a shekarun 1980 shugaban ya rantse sai ya biya bashin ƙasashen waje kaf, saboda haka aka riƙa fitar da abinci ana sayarwa, mutanen ƙasa na layin burodi da kati, ana ɗauke wuta da iskar ɗumama ɗaki a tsakiyar sanyin da ke daskarar da ruwa. Na biyu, gwamnati ta yi ta gaya wa talaka cewa idan ɗa ya fi ƙarfinsa ya kawo, hukuma ta fi shi iya reno. Iyaye suka kai, da yawansu da niyyar dawowa su ɗauka in hali ya yi. Galibin yaran da duniya ta kira marayun Romaniya iyayensu na raye.

Tsarin kuwa na ofis ne tsantsa. Jariri yana gidan jarirai har ya kai shekara uku, sai a zo a tantance. Mai lafiya a tura shi gidan yara. Mai wata nakasa, ko da harara-garke ce ko shan inna ko jinkirin magana wanda zaman gidan ne ya jawo masa, sai a rubuta cewa ba ya gyaruwa, a kai shi wani gida a bayan gari inda babu makaranta, babu isasshen abinci, wani wurin babu ko tufafi. Ma'aikaciya ɗaya na iya samun kanta da jarirai goma sha biyu ko sha biyar, ba horo, albashi ba ya kai wa ko'ina. Ana jingina wa jariri kwalbar madara a jikin ƙarfen gado a wuce na gaba. Sai kuma wata muguwar al'adar likitanci, ta yi wa jariri mai rauni ƙarin jini kaɗan-kaɗan wai don ya yi ƙarfi, da jinin da ba a gwada ba da allurar da ake maimaitawa. Ta haka dubban yara suka kamu da ƙanjamau a ƙasar da gwamnatinta ke cewa cutar ba ta shigo ba.

Bore ya tashi daga birnin Timisoara a tsakiyar Disamba 1989. Ranar 25 ga watan aka harbe Ceausescu da matarsa Elena. Cikin 'yan watanni 'yan jarida suka shiga gidajen. Jamusawa suka nuna gidan yara na Cighid, gidan talabijin na ABC a Amurka ya nuna nasa a 1990, aka ƙiyasta yaran da ke hannun hukuma sun haura dubu ɗari. Abin da waɗanda suka shiga suka fi ambata, bayan wari, shi ne shiru. Ɗaki cike da jarirai ba mai kuka. Duk wadda ta yi aikinmu ta san ma'anar wannan, jariri ba ya daina kuka don ya ƙoshi, yana dainawa ne idan ya gane ba mai zuwa. Manyan kuma suna zaune a gadajen ƙarfe suna rangaji gaba da baya kamar ɗalibi a gaban allo, wasu na buga kai a bango. Yaro ne ke yi wa kansa jijjigar da ba a yi masa ba.

Daga nan ne matasa suka shigo tarihin. Daga Birtaniya, Ireland, Jamus, Holan da Amurka, motocin kaya suka yi ta kwarara da barguna da madara da magani, a bayansu kuma ɗalibai, sababbin ma'aikatan jinya, matasan coci, masu aikin famfo da kafintoci. A garin Siret da ke kan iyaka da Yukren, wata malamar makaranta daga Ingila, Monica McDaid, ta ga abin da ke cikin asibitin yara na garin, ta koma gida ta tayar da jama'a, har wani shirin BBC ya je da ma'aikata suka gyara ginin a 1990. Amma yawancin matasan ba su da wata sana'a da za su bayar. Abin da suka iya shi ne su ciro yaro daga gado, su wanke shi, su riƙe shi, su fita da shi ya ga rana, wani a karon farko a rayuwarsa. Wasu yaran sukan sandare ko su yi ihu idan an taɓa su, don taɓawar da suka sani ta duka ce ko ta allura. Sai an yi haƙuri na makonni kafin yaro ya saki jiki ya kwantar da kai a kafaɗa.

Ba na raina wannan aiki ko kaɗan. Ɗan shekara goma sha tara da ya bar gidan ubansa ya je yana kwasar kashin yaron da bai san yarensa ba, ya yi abin da manyan ƙasar da digirorinsu ba su yi ba. Izidor Ruckel, wanda ya tashi a gidan waɗanda aka ce ba sa gyaruwa a garin Sighet kafin wasu Amurkawa su ɗauke shi a 1991, ya sha ba da labarin dare ɗaya tak da wata ma'aikaciyar gidan ta tafi da shi gidanta ya kwana, ya ci abincin gida. Ya girma bai manta da daren ba. Shi ɗin ne kuma ya ba da labarin yadda ya kasa karɓar ƙaunar iyayen da suka ɗauke shi, ya yi ta faɗa da su har ya bar gidan, sai daga baya aka shirya.

Masana sun bi yaran nan shekara da shekaru. Michael Rutter da abokan aikinsa sun bi yara 165 da iyalan Birtaniya suka ɗauka. Waɗanda aka fitar kafin su wuce wata shida sun kamo tsaransu kusan a komai. Waɗanda suka daɗe fiye da haka, da yawansu sun shiga girma da matsalar natsuwa da ta mu'amala, duk da gata da suka samu daga baya. A shekarar 2000 wasu masana uku daga Amurka, Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah, suka fara wani bincike a Bukarest da yara 136 daga gidaje shida. Aka yi ƙuri'a, 68 aka ba iyalan riƙo da aka horar ana biyansu, sauran suka ci gaba da zama inda suke. Mutane da yawa sun yi tir da ƙuri'ar, ni ma har yau ba ta kwanta mini ba, ko da yake a lokacin tsarin riƙo kusan babu shi a birnin, kuma jami'ai na musun cewa gidajen na da illa. Da yaran suka kai shekara huɗu da rabi aka auna kaifin basirarsu: na gidan hukuma 73, na riƙo 81, yaran gari da ba su taɓa shiga gidan ba 109. Waɗanda aka ba riƙo kafin su cika shekara biyu su suka fi farfaɗowa. Romaniya ta kafa doka a 2004 da ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara biyu irin waɗannan gidaje sai in nakasarsa mai tsanani ce, shekara uku kafin ta shiga Tarayyar Turai.

A cikin binciken nan akwai wani abu da ya shafi masu aikin sa-kai kai tsaye, kuma ba mai daɗin ji ba ne. Yaron da ya tashi a irin wannan gida yakan rugo ya rungume duk baƙon da ya shigo, ya hau cinyarsa, ya kama hannunsa zai bi shi ko ina ne. Baƙo sai zuciyarsa ta narke, ya ce yaran nan akwai son mutane. Likitoci kuwa alamar ciwo suke gani. Yaro mai uwa yana ƙiwa. Idan baƙo ya miƙo hannu, yakan ɓoye fuska a zanen uwarsa, don ya san nasa ya san bare. Wanda ba ya ƙiwa da kowa, ba shi da kowa ne. To ga matashiya ta zo daga Landan ta yi mako uku tana goyonsa, ya fara gane ƙamshinta da muryarta, sai hutu ya ƙare ta hau jirgi. Wata ta zo, ita ma ta tafi. Kowace tafiya sabon maraici ce.

Daga baya abin ya zama kasuwa. A Kambodiya, wani rahoton UNICEF ya nuna gidajen marayu sun ƙaru da kashi 75 cikin ɗari tsakanin 2005 da 2010, a lokacin da marayun kansu ba ƙaruwa suke ba, kuma kusan uku cikin huɗu na yaran suna da uwa ko uba a raye. Masu yawon buɗe ido ne ke biyan kuɗi don su zo su rungumi maraya, masu gidajen kuma suna bin ƙauyuka suna karɓo 'ya'yan talakawa da alkawarin makaranta. A 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta lissafa wannan a cikin nau'o'in bautar zamani.

Mu a ƙasar Hausa gidan marayu baƙon abu ne, bai daɗe ba. Abin da muka gada shi ne riƙo. Uwa ta rasu a wajen haihuwa, kafin a yi sadakar bakwai an san wadda za ta ɗauki jaririn, kaka ko gwaggo ko inna, wani lokaci kishiyar marigayiyar ce ma za ta haɗa da nata ta shayar. Ko uwa na raye, kunyar ɗan fari takan sa ta kauce, amma ba a bar yaron a ƙasa ba, yana bayan kaka ko wata yarinyar gida, an ɗaure shi da majanyi, ana daka da shi, ana shara da shi. Addini ma ya tsaya a nan. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u bin Habis, wanda ya yi mamaki don yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka nuna masa cewa rashin jinƙai ne. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama. Ba ina cewa riƙonmu ba shi da tabo ba. Kowa ya san 'yar riƙon da ita ce mai talla, ita ce mai wanke-wanke, ita ce ta ƙarshen cin abinci. Amma ko wadda aka yi wa riƙon sakainar kashi ta san ɗakin da take kwana da sunan wadda za ta kira in zazzaɓi ya kama ta cikin dare. Yanzu da birni ya matse mutane a ɗaki ɗaya, rikici kuma ya zubo mana marayu daga Borno da Zamfara fiye da yadda dangi za su iya ɗauka, gidajen sai ƙaruwa suke.

'Yar ƙanena tana cikin wata ƙungiyar matasa da ke kai ziyara gidan marayu duk azumi. Ta zo tana nuna mini hotuna a waya, ga buhunan shinkafa, ga kowa da riga iri ɗaya, ga yara sun ɗafe su.

"Gwaggo, kin ga wannan? Tun da muka shiga ta maƙale mini, da za mu tafi sai da aka ɓamɓare ta."

Na ce, "Allah ya ba da lada, 'yar nan. Yaya sunanta?"

Ta yi shiru, ta ce za ta tambayo.

Ban hana ta zuwa ba, kuma ba zan hana ba. Shinkafar ana bukatarta. Abin da na gaya mata shi ne ta zaɓi gida ɗaya kusa da unguwarsu wanda za ta iya zuwa duk Asabar ba sai da motar ƙungiya ba, ta tambayi masu renon abin da ya fi yi musu nauyi, don su ne ke kwana da yaran, in sun gaji yaran ne ke ji a jikinsu. In kuma ƙungiyar na da kuɗi, a unguwar tasu akwai zawarawa masu 'ya'ya huɗu biyar da kuɗin makaranta da na haya kaɗai ke tsakaninsu da rabuwa da yaran. Wannan ba ya yin kyau a hoto, na sani.

A fagen aikina kuwa, rungumar ta dawo ta ƙofar da ba a zata ba. A 1978 a wani asibitin haihuwa na Bogota, babban birnin Kolombiya, kwalaben saka bakwaini sun yi kaɗan har ana haɗa jarirai biyu uku a ɗaya suna shafa wa juna cuta. Dokta Edgar Rey Sanabria ya ce a ɗora bakwainin a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a ɗaure da zane, ɗumin jikinta ya riƙe shi, nono na kusa. Shi ne ake kira renon kangaru. Lokacin da aka fara koya mana shi, iyaye mata ba su sha wahalar ganewa ba, gardamarsu ɗaya ce, me ya sa a gaba ba a baya ba. Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce sai jariri ya daidaita a kwalba kafin a ba uwa. Sai a 2021 aka buga sakamakon wani gwaji da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta a asibitoci biyar, a Indiya, Malawi, Tanzaniya, Kumasi ta Ghana da Ile-Ife a nan Najeriya, kan jarirai fiye da dubu uku masu nauyin kilo ɗaya zuwa ƙasa da 1.8. Rabi aka ɗora su a ƙirji tun daga haihuwa, rabi aka bi tsohuwar hanya. Idan uwa ba ta da ƙarfi, kamar wadda aka yi wa tiyata, wata 'yar'uwa da ta zaɓa ce ke karɓar jaririn a ƙirjinta har ta farfaɗo. A cikin kwana 28 na farko, kashi 15.7 cikin ɗari suka rasu a tsohuwar hanya, kashi 12 a sabuwar. Masu sa ido suka dakatar da gwajin kafin lokacinsa, don ba daidai ba ne a ci gaba da hana rabin jariran. A 2022 hukumar ta sauya ƙa'idarta.